Yayyafi da Ganyen Azurfa

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙarƙashin benen nan da safe ya san abin da ya sa ake ce mata Yayyafi. Kana tafiya abinka, gari tas babu alamar hadari, sai ka ji tsil a ƙeya. In ka ɗaga kai sai ka hango ta a barandar hawa na biyu, butar roba a hannu, tana ba tukwanenta ruwa tana yi musu faɗa kamar masu ji. Telan da ke da shago a ƙasa shi ya raɗa mata sunan, ranar da ruwan ya jiƙa masa ɗinkin mutane da ya gama gogewa. Ya fito yana zuba masifa, ta leƙo ta ba shi haƙuri, washegari ta sake. Yanzu telan ya yi furfura, ya gaji da masifa ya kafa rumfar kwano, sunan kuwa ya bi ta har jikokinta ba su san tana da wani ba.

Tun tana ƙarama take da wannan ciwon na shuka. Gwangwanin madara, fasasshen kofi, bokitin da ya huje, duk abin da zai riƙe ƙasa ba ya tsira a hannunta. Sana'arta ta shekaru guga ce a wani gidan wanki, tsaye tun safe har yamma, kuma ita ce ta cinye mata gwiwoyi. Mijinta mai walda ne, dogo mai dariya da ƙarfi, kowa Maiwalda yake ce masa, ita kuma Malam take ce masa. Mutumin nan wallahi bai iya bambance fure da ciyawa ba. Amma duk lokacin da ta shigo da sabon gwangwani, sai ya dube shi ya girgiza kai, kwana biyu ka ga ya dawo daga aiki da ƙafar ƙarfe ta ɗora gwangwanin ko ƙugiyar ratayewa. 'Ya'yansu sun girma sun watse, saura Auta da ta yi aure a layin baya, kullum tana gidan kamar ba a kai ta ba.

In ana maganar fargaba kuwa, Yayyafi ce gidanta. Yaro ya yi atishawa ta fara neman takalmin zuwa asibiti. Malam ya makara da minti kaɗan, ta riga ta gama ganin haɗarin mota a zuciyarta har da masu jaje. Kula ce da ita irin mai shaƙe mutum, kuma ta sani, sai dai ba ta iya bari ba.

To, wannan karon abin da take tsoro ya zo da gaske. Idon Malam ya fara dushewa. Da farko ya ce gajiya ce, daga baya ya ce tabarau ne suka tsufa, har ranar da ya kai hannu kan ƙarfen da bai huce ba, don bai ga janshi ba. Ya rufe shago ya zauna a gida. Fuskoki suka koma masa inuwa, rubutu ya ɓace gaba ɗaya. Hasken rana kuma ya zama abokin gaba, da ya bugi idon sai hawaye da ciwon kai. Yayyafi ta tashi tsaye. Ta samo tabarmi da wani tsohon bargo ta rufe barandar ruf daga sama har ƙasa, ta ajiye masa kujera a can cikin inuwa, inda zai sha iska ya ji hayaniyar titi ba tare da rana ta same shi ba.

Wata rana suna zaune a dogon bencin asibitin ido suna jiran layi, Malam ya taɓa ta da gwiwar hannu.

"Ke, wa ya bar famfo a buɗe can sama?"

"Wane famfo kuma, Malam?"

"Ga ruwa can yana zubowa. Ba ki gani? Har walƙiya yake."

Ta bi yatsansa da kallo. Tukunya ce a rataye a bakin taga, wata shuka ta cika ta ta zubo ƙasa, rassa siri-siri dogaye, ganyaye ƙanana zagayayyu, farare fat kamar azurfa. Iska na kaɗa su. Gaban Yayyafi ya faɗi, don rabon da Malam ya nuna wani abu da yatsa da kansa har ta manta. Ta ce masa ganye ne. Ya ce ƙarya take, ganye ai kore ne. Ya tashi ya dafa bango ya je ya tsaya a ƙarƙashinsa, kai a ɗage, baki a buɗe kamar ɗan ƙauye ya shigo birni, har aka kira su bai ji ba.

A ciki likita bai yi musu rufa-rufa ba. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, ɗan abin da ya rage kuma yana tafiya. Yayyafi ta tambaye shi yaushe. Ya ce wannan ba shi da tabbas, zai iya ɗaukar lokaci, zai iya yin sauri. Malam ya yi godiya kamar an yi masa kyauta.

Da suka fito ta waiga hagu da dama, ta tsinke ɗan reshe guda ta cusa a jaka. Allah ya yafe mata, ita da ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba. Sai dai kafin su iso gida, zafin mota da kwalaben magani sun murƙushe shi ya zama tsumma. Da suka koma ganin likita, an kwashe tukwanen duka ana fentin wurin, kuma babu wanda ya san inda aka kai su. Ta bi masu sayar da furanni na bakin titi ɗaya bayan ɗaya tana kwatantawa da hannu. Wannan ya ce bai sani ba, wancan ya ce ta dawo wani satin, wani kuma ya so ya liƙa mata wani abu mai ƙaya wai shi ne. A ƙarshe wani dattijo mai sayar da iri, a wani ƙuntataccen shago mai warin taki, ya lalubo mata 'yar takarda mai iri a ciki daga ƙasan kwali. Ga hoton nan a jiki, shi ne sak.

"Amma fa Hajiya, yana da nawa," in ji mai irin. "Ba na mai gaggawa ba ne."

"Ni kuwa gaggawa nake, Baba."

"To, shi bai sani ba."

A hanya ta yi wa kanta alkawari. Kafin idon Malam ya rufe, sai ya ga ruwan nan yana zubowa a cikin gidansa.

Ƙwayoyin ba su da yawa, ƙanana ne masu tauri, ko kan ashana ba su kai ba. Ta tankaɗe ƙasa da rariya, ta haɗa da yashi da ɗan taki, ta zuba a wani tire mai huji. Ta jera rabin irin da tsinke, ta barbaɗa ƙasa sama-sama, ta rufe da farar leda don ya riƙe ɗumi. Daga nan fa aka shiga uku. In ta wuce ta ɗaga leda. In ta dawo ta ɗaga leda. Ta ga saman ƙasar ya ɗan yi haske, sai ta ce ƙishi ne, ta kawo buta. Malam daga kujerarsa yana jin ƙarar ledar, sai ya ce, "Ki bar bayin Allah su yi barci mana."

Suka tsiro kuwa, ta yi ta murna har ta kira Auta ta zo ta gani. Murnar ba ta je ko'ina ba. Wata safiya ta tarar ƙafafunsu sun yi baƙi sun tsuke, sun kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya yi musu yawa sun ruɓe. Mace mai shekaru a kan shuka, a ce ta kashe tsiro da ruwa! Ta zauna a bakin tiren ta yi kuka mara sauti, don kada Malam ya ji. Ba tsiron take wa kuka ba, makonnin da suka tafi a banza take wa.

Sauran rabin irin ta shuka shi, daga shi kuwa babu wani. Ta ɓoye wa kanta butar a bayan ƙofa. In ƙasa ta bushe sai ta tsoma gindin tiren a faranti mai ɗan ruwa, ya sha ta ƙasa, ta cire. In hannunta ya yi mata ƙaiƙayi sai ta je ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Waɗannan suka tsaya da ƙafarsu. Sai dai ganyen farko da suka fitar dogaye ne sirara, koraye shar, babu abin da ya haɗa su da hoton takarda. Ta ɗauko takardar ta kara kusa da su, ta duba nan ta duba can, ta ce shi ke nan tsohon nan ya sayar mata da ciyawa. Sai da ganye na biyu ya leƙo, ɗan zagayayye kamar kunnen ɓera, da ɗan gashi-gashi mai toka a bayansa, sannan ta ja numfashi. Da suka ɗan yi ƙwari ta ciro su da bayan cokali, da ƙasarsu da komai don kada saiwa ta ji ciwo, ta dasa su tare a babbar tukunyar rataye. Ta rataye ta a baranda daidai saitin kujerar Malam.

A wannan tsakanin ta ƙirƙiro wata jarrabawa. Kowace safiya sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga wani abu mai ƙyalli, murfin tukunya ko tiren shayi, ta ce, "Malam, me na riƙe?" Da farko yana faɗa daidai, har ya ƙara da tsokana, wai murfin bai wanku ba. Sannu a hankali ta lura sai ta matso taku ɗaya kafin ya gane. Daga baya sai ta ƙara matsowa. Ranar da ya ce wa tire madubi, ta ce a'a ya sake dubawa, sai ya juyar da kai.

"Ke, ya isa haka. Ni ba ɗan makaranta ba ne. Kada ki sake ɗaga min komai."

Bai taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Ta ajiye tiren. Daga ranar ba ta da ma'auni, sai dai ta saci kallonsa, ta ga yadda yake lalubar kofi, yadda yake tsayawa a bakin ƙofa kafin ya taka. In ta tambaye shi yaya idon, amsa ɗaya ce, "Da sauƙi." Wannan da sauƙin ya fi komai tayar mata da hankali.

Shukar kuwa ta yi ta tsawo, amma wane irin tsawo! Rassa sirara kamar zare, ganye nan ɗaya can ɗaya, kuma kore. Kore dai irin na kowace ciyawa. Ta jira ko zai juya, bai juya ba. Malam na zaune ƙarƙashinsa kullum bai ma san yana wurin ba. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta yafa mayafi, ta tsinki reshe guda, ta nufi shagon mai iri da faɗa cike da bakinta.

"Baba, ka ji tsoron Allah! Wannan ne azurfar? Dubi abin da ka sa na ɓata wata da watanni a kansa!"

Tsohon ya karɓi reshen ya juya shi, ya shafa bayan ganyen da babban yatsa. "Shi ne mana. A ina kika ajiye shi?"

"A baranda."

"Rana tana samunsa?"

Tabarmin nan da bargon nan suka faɗo mata a rai. Ita da hannunta ta toshe duk wata kafa da rana za ta bi ta shigo, saboda idon Malam. Sauran tukwanenta masu son inuwa ne, ba su yi ƙorafi ba, shi ya sa ba ta lura ba.

"Wannan ɗan rana ne," in ji mai irin. "In bai sha ta sosai ba, ba ya fari. Ki kai shi inda za ta gasa shi, ki rage masa ruwa. Waɗannan dogayen kuma ki datse su, sababbin da za su fito su ne za su yi miki azurfar."

"In datse? Baba, ka san tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su kai nan?"

"Na sani. In kin bar su, haka za su zauna."

Ta fito ko sallama ba ta yi masa ba. Tana tafe tana zagin kanta. Cire tabarmin ba zai yiwu ba, Malam ba zai iya zama ba. Wuri ɗaya ne ya rage, saman benen, inda tankunan ruwa suke da igiyoyin shanya, kuma matakalarsa tsaye take ƙiƙam, ta ƙarfe, wadda rabon Yayyafi da hawanta tun gwiwoyinta na da lafiya.

Ta hau. Tukunya a rungume, hannu ɗaya a ƙarfe, tana hutawa tana salati. A can sama rana kamar ta fasa kai. Ta rataye tukunyar a jikin ƙafar tanki, ta fito da almakashi daga haɓar zani, ta daɗe tana kallon rassan. Sannan ta rufe ido ta fara yanka. Da ta gama, tukunyar ta koma kamar kan yaron da aka yi wa aski da gaggawa. Ta tattara abin da ta yanke ta rasa inda za ta zubar, ta sauko da shi a hannu.

Daga nan rayuwarta ta rabu biyu, rabi a ƙasa wajen Malam, rabi a sama wajen tukunya. In tana sama hankalinta na ƙasa, ko ya tashi ya yi karo da tebur. In tana ƙasa hankalinta na sama. Iska ta taso, ta ce tukunya ta faɗi. Ta ji kukan tsuntsaye, ta ce sun tsattsage ganyen. Wata maƙwabciya ta shanya zanin gado ya tare wa tukunyar rana, Yayyafi ta yi mata tas har matar ta yi kwanaki ba ta gaishe ta. Telan ƙasa ma sai da ya tare Auta ya tambaye ta ko lafiya, ya ga kwana biyu ba a jiƙa masa rumfa.

Auta ta ga uwarta tana saukowa da baya-baya, tana cije leɓe, ta ce, "Mama, don Allah ki raba kanki da wahala. Akwai na roba a kasuwa masu ƙyalli, in sayo a rataye, ai Baba ba zai gane ba."

"Uban naki ido ya rasa ko hankali? Tashi ki ba ni wuri."

Malam kuwa ya mayar da abin wasa. Da ya ji takunta sai ya ce, "Yaya jaririn naki na sama? Ya fara zama?" Ta ce ya fara. Kuma gaskiya ne. Sababbin ganyaye sun fito a cunkushe, ƙanana, masu laushi kamar kunnen mage, kuma farare. Ranar da ta fara ganinsu suna ƙyalli a rana sai da ta dafa tanki, don jiri ya ɗebe ta. Rassan suka leƙo bakin tukunya, suka lanƙwaso, suka fara sauka.

"To ki sauko da shi mana in gani," in ji Malam.

"Bai kai ba tukuna."

"Ko yaya yake, kawo shi."

"Haba Malam, ɗan tsiti ne fa, ko tafin hannu bai wuce ba. Ka bari ya zubo sosai, irin wanda ka gani."

Ya ce, "To."

Nan ne Yayyafi ta yi wauta, kuma tsoro ne ya sa ta. Tana gudun ta kawo shi yana ƙarami ya duba ya ce bai ga komai ba. Wannan kalmar ce ba ta son ji. Don haka kullum sai ta auna rassan da hannu ta ce saura kaɗan. Suka kai tsawon kamu ɗaya ta ce saura kaɗan. Ya sake tambaya sau ɗaya, ta ce sati mai zuwa in sha Allah. Bai ƙara tambaya ba, ita kuma ta ɗauki shirun nasa haƙuri ne.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, Auta ta zo tana yanke wa babanta farce a falo. An ɗage labule, ɗaki ya cika da haske, abin da da can ba ya iya jurewa. Yayyafi ta shigo da shayi ta ga hasken ya faɗo masa a fuska, shi kuwa ko ƙifta ido bai yi ba. Ta tsaya cak. Sai ya ce, cikin muryarsa ta kullum, "Auta, yau hadari ne a garin? Na ji shi shiru."

Auta ta ɗago ta dubi uwarta. Yayyafi ta dire kofin, shayin ya fantsama a tebur, ta fita ba mayafi. Yadda ta hau matakalar nan ita ma ba ta sani ba. Ta ciro tukunyar daga ƙafar tanki, rassan suka zubo mata har gwiwa, farare tas, suna sheƙi. Ya kai, ya daɗe da kaiwa. Ta sauko tana haki, tana faɗin, "Ya Allah, ya gani ko kaɗan ne, ko kaɗan ne," ganyen na shafar matakala.

Ta tsaya a ƙofar falo, ta ɗaga tukunyar sama da hannu biyu yadda rassan za su sauka sosai, ta daidaita numfashinta.

"Malam, ga jaririn nawa na kawo maka."

Fuskarsa ta washe. Ya gyara zama, ya ɗaga kai, ya buɗe ido sosai.

"Kai, ma sha Allah! Ga shi nan kuwa. Dubi yadda yake zubowa! Wallahi ya fi na asibitin kyau. Sannu da ƙoƙari, Yayyafi, sannu."

Yana maganar yana murmushi, yana gyaɗa kai, idonsa a kan bangon da ke hagu da ita, inda babu komai sai farin fenti. Ita tana dama, a bakin ƙofa.

Auta ta kai hannu baki. Ta buɗe shi za ta yi magana, uwar ta harare ta da idon da ya cika da hawaye, Auta ta fasa. Yayyafi ce ta ja lokaci, ita ta ce saura kaɗan, ga shi mutumin da ta yi dominsa yana yi mata ƙarya don kada ranta ya ɓaci. A hankali ta ɗaga ƙafa, ta matsa gefe, ta sake matsawa, tana jan jiki a jikin bango da tukunyar a sama, har ta iso daidai inda yake kallo.

Ta manta akwai silifas a ƙafarta. Sun yi 'yar ƙara a kan siminti, ƙarar da mai ido ba zai kula da ita ba. Murmushin Malam ya tsaya. Ƙarar keken telan na tasowa daga ƙasa.

"Kin matsa, ko?" ya ce a hankali.

Ta so ta ce a'a, bakinta ya ƙi. "Na matsa, Malam."

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka, yana murza yatsunsa. Sannan ya sake ɗagowa ya mayar da idonsa wurin.

"Yanzu daidai nake?"

"Daidai kake."

"To tsaya nan. Kada ki sauke tukuna."

Hannuwanta na rawa, gwiwoyinta na zafi, ƙasa na zubo mata a ka ta hujin tukunyar. Ta ƙara ɗaga ta sama, ta tsaya.